Haruffa marasa ƙafa masu zubin da'ira: sun dace da kowane tambari?

Malam Auwal: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar zane. Ina so mu tattauna kan zubin haruffan nan da suka mamaye tambarin kamfanoni da allunan talla, wato marasa ƙafa (marasa ƙananan layukan ado a ƙarshen sandunansu) waɗanda aka gina a kan da'ira da murabba'i da alwatika, irin su Futura, Avant Garde, Gotham, Montserrat da Poppins. Tambayoyina biyu ne. Me ke bambanta mai kyau da marar kyau a cikinsu, tunda a ido duk kamar an tsaga kara? Sannan a ina ya kamata mai zane ya guje musu?

Malama Zainab: Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da gyara wani zato da ya yaɗu, cewa da rula da komfas kawai aka zana su. Ko Futura, da Paul Renner ya zana kuma kamfanin Bauer na Frankfurt ya fitar a 1927, ba haka take ba. Ka ɗauki harafin O nata ka ɗora a kan cikakkiyar da'ira, za ka ga ba su hau juna daidai ba. Dalili shi ne ido yana ruɗar mutum, mai zana harafi kuma aikinsa ya biya wa ido bukata.

Layin da ya kwanta yakan fi wanda ya miƙe tsaye kauri a ido, ko da awonsu ɗaya ne. Saboda haka ake rage kaurin sama da ƙasan O da sandar tsakiyar H da e. A ƙa'idar aiki, idan sandar tsaye tana da kauri 100, ta kwance takan zo wajen 88 zuwa 92. Haka kuma harafi mai zagaye, idan ya tsaya daidai kan layin da H ta tsaya, sai ya zama kamar ya fi ta gajarta. Shi ya sa ake barin O, C, G da S su ɗan zarce layin sama da na ƙasa. A filin zane mai awo 1000, inda babban harafi ke da tsayi kusan 700, zarcewar takan kama daga 10 zuwa 15. Masu tsini irin A da V suna bukatar fiye da haka, don tsini ya fi da'ira ɓacewa a ido.

Wurin da ya fi tona asirin zubi marar kyau shi ne mahaɗa, inda cikin b, d, p da q ya haɗu da sanda. Idan aka manna da'ira mai kauri ɗaya a jikin sanda, wurin haɗuwar ya kan yi baƙi ƙirin kamar tawada ta taru. A Futura an sirantar da da'irar a daidai wurin. Ka ƙara girman b har ya cika allo, za ka gani. Zubin da bai yi wannan ba, ka ajiye shi.

Kabiru: Yaya Zainab, to ashe Futura ba daga Bauhaus, makarantar zane ta Jamus, ta fito ba? Haka ake ta faɗa.

Malama Zainab: A'a Kabiru. Renner bai koyar a Bauhaus ba, a Munich yake shugabantar makarantar masu ɗab'i. Zamaninsu dai ɗaya ne, tunaninsu kuma ya yi kusa. Wanda ya fito daga Bauhaus shi ne Universal na Herbert Bayer, a 1925, mai ƙananan haruffa zalla, kuma ba a zuba shi a haruffan ƙarfe na ɗab'i a lokacin ba. Futura ma ba ita kaɗai ba ce a Jamus a waɗannan shekaru. Akwai Erbar na Jakob Erbar a 1926, da Kabel na Rudolf Koch a 1927, wanda ake gane shi da karkatacciyar sandar e.

Malam Nura: Ni ina da ja a kan gaba ɗayan lamarin. Daga lokacin da Google ta sauya tambarinta a Satumbar 2015 zuwa wannan salo, sai kamfanoni suka bi sahu. Mastercard ta koma FF Mark a 2016. Airbnb da Spotify duk sun yi shekaru suna amfani da Circular na Laurenz Brunner a lokaci guda. To ina amfanin tambari idan aka rufe launinsa ba a iya bambanta shi da na maƙwabci? Ai don a gane ka ake yin tambari. Burberry ma da ta koma harafi marar ƙafa a 2018, a 2023 ta dawo da mai ƙafa.

Malam Auwal: Malam Nura, maganarka tana kan hanya, amma akwai dalilin da ya kai su can. Tambarin yau dole ya rayu a kan allon talla mai faɗin mita goma, kuma ya rayu a ɗan hoton shafin intanet mai fiksel 16. Siraran ƙafafuwan harafi su ne farkon abin da ke narkewa idan aka ƙanƙanta. Harafi mai kauri ɗaya da buɗaɗɗen ciki ya fi jure wannan.

Malam Nura: Na yarda da batun ƙanƙantawa. Amma marar ƙafa ba lallai sai mai da'ira ba. Akwai irin su Frutiger da Gill Sans da suka bi tafiyar alƙalami, kuma sun fi saurin karantuwa.

Malama Zainab: A nan Malam Nura ya fi gaskiya, kuma wannan shi ne amsar tambayar Malam Auwal ta biyu. Ido yana gane kalma ne ta bambancin haruffanta. Wannan salon kuwa yana maimaita da'ira ɗaya a haruffan a, b, d, g, o, p da q. A Futura, Avant Garde da Century Gothic, harafin a da'ira ce kawai da gajeriyar sanda, don haka a ƙaramin rubutu a da o sukan rikice. Ku rubuta "kora" da "kara", ko "gado" da "gada", a girman 8pt (pt ma'aunin girman rubutu ne) ku matsa baya kaɗan ku duba. A Futura kuma j miƙaƙƙiyar sanda ce mai ɗigo, ba ta da lanƙwasa, t ɗinta gicciye ne kawai, u ba ta da sandar dama mai sauka. A kanun labari wannan duk ado ne. A sakin layi mai kalma 300 kuwa gajiya ce ga mai karatu.

Adrian Frutiger ya ga wannan matsala, shi ya sa da ya zana Avenir a 1988 ya ba harafin a hawa biyu, wato ciki a ƙasa da lanƙwasa a sama, ya rage tsawon wuyan b, d da l, ya bar o ba cikakkiyar da'ira ba. Gotham da Montserrat su ma a ɗinsu mai hawa biyu ce. Idan aikin ya haɗa da dogon rubutu, daga wannan ɓangaren za a zaɓa.

Kabiru: Ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne, sai ka sa zubi biyu a 12pt, amma ɗaya ya fi ɗaya girma sosai.

Injiniya Bashir: Tsayin ƙananan haruffa ne, Kabiru, wato tsayin x idan aka gwada shi da H. Lambar 12pt awon akwatin da harafin ke ciki ne, ba ta gaya maka girman x. Futura, Brandon Grotesque da Josefin Sans suna da gajeren x da dogon wuya, har wuyan b da l na Futura ya wuce kan manyan haruffa. Avant Garde, Montserrat da Poppins kuwa x ɗinsu dogo ne. Abin da hakan ke jawowa a aiki shi ne, idan ka saba da fiksel 16 a shafi, Futura za ta bukaci 18 ko fiye kafin ta karantu daidai. Masu dogon x kuma sun fi bukatar tazara tsakanin layi da layi, 1.5 zuwa 1.6 na girman harafin, in ba haka ba layukan su cakuɗe. A kanu ana saukowa zuwa 1.1 ko 1.2.

Sai faɗi. Montserrat da Century Gothic suna cin wuri ƙwarai. Century Gothic ma da gangan Monotype ta daidaita faɗin haruffanta da na Avant Garde. Kalmar da ta shiga maɓallin manhaja a Roboto tana iya karyewa gida biyu a Montserrat, don haka a gwada da kalma mafi tsawo da za ta shiga maɓallin.

Malam Auwal: Mu dawo kan tambari. Idan an zaɓi zubin, mene ne matakan mayar da sunan kamfani tambari na gaske?

Malama Zainab: Ga yadda ake bi. A rubuta sunan da baƙi a kan fari, launi sai daga baya. A gwada shi da kauri uku, misali Medium, Semibold da Bold, sannan da manyan haruffa zalla, da ƙanana zalla, da gauraye. Daga nan sai tazara, kuma a nan mafi yawan aiki yake.

Haruffa masu zagaye suna barin fili a kusurwoyinsu huɗu, don haka oo ta fi son matsewa, ol ta fi ta buɗewa kaɗan, ll kuma ta fi duka buɗewa. Abin da ake daidaitawa shi ne yawan farin da ke tsakanin haruffa, kamar a ce za a zuba ruwa a kowane gurbi ya ɗauki mudu ɗaya. Ma'auratan da suka fi ba da wahala su ne AV, AW, LT, To, Ya, da r idan harafin a ya biyo ta. A manhajar Illustrator ko InDesign a fara da zaɓin tazara na Metrics, domin ita ce tazarar da mai zubin ya tsara da hannunsa. Optical lissafin manhaja ne, ana komawa gare ta ne kawai idan zubin bai zo da gyaran tazara mai kyau ba. Bayan haka a bi haruffan uku-uku: a rufe sauran, a duba ko na tsakiya ya zauna a tsakiya. A juya kalmar ƙasa a sama, don ido ya daina karantawa ya koma kallon siffa.

Manyan haruffa zalla suna son a buɗe su da 50 zuwa 100 cikin dubu na girman harafin. Babban kanu mai ƙananan haruffa kuwa ana matse shi da 10 zuwa 25. Kada a buɗe ƙananan haruffa da yawa, kalmar takan watse.

Wani abu game da manyan haruffan Futura: faɗinsu ba ɗaya ba ne, sun bi tsarin rubutun Rumawa na kan dutse. E, F, L da S sirara ne, O, C, G da Q kuwa faffaɗa. Suna mai O biyu da E biyu zai yi ta buɗewa yana tsukewa. Wani sunan hakan ya yi masa kyau, wani kuma ya ɓata shi. Gotham, da Tobias Frere-Jones ya zana a 2000 daga rubutun jikin gine-ginen birnin Niyu Yok, faɗin manyan haruffanta ya fi kusa da juna, shi ya sa ta fi sauƙin jerawa a allo.

Malam Nura: To ina maganin kamannin da na yi ƙorafi a kai?

Malama Zainab: A taɓa harafi ɗaya ko biyu, kada a wuce haka. A mayar da rubutun zane, sannan a sauya abu guda: yankan bakin e, ƙafar R, ɗigon i, ko tsinin A. Google karkata e kawai ta yi. Amma duk abin da aka yi wa harafi ɗaya sai a duba danginsa. Idan an yanke bakin c a karkace, to e da s ma su bi, in ba haka ba sai a ga kamar kuskure ne. Kuma kafin a taɓa, a buɗe jerin madadin haruffa na OpenType (tsarin fayil ɗin zubi), ss01, ss02 da sauransu, domin zubi da yawa sun zo da wata a ko g ko t a ɓoye.

Idan za a zana da'ira da hannu, ɗigo huɗu sun isa, sama da ƙasa da dama da hagu, hannayensu a miƙe, tsawon kowane hannu kusan kashi 55 cikin ɗari na rabin faɗin da'irar. Ƙarin ɗigo ƙarin ƙulli ne a jikin layin. Babban laifi kuma shi ne jan harafi ta gefe ɗaya don ya cika wuri. Da zarar an matse O da kashi 15, sandunan tsaye sun sirance na kwance suna nan yadda suke, duk gyaran idon da muka faɗa ya juye. Mai son siriri ya nemi Condensed na ainihi.

Hajiya Rabi: Bari in shigo da ɓangaren ɗab'i, don abin da ya yi kyau a kwamfuta ba shi ne ke fitowa a takarda ba. Kaurin Thin da Light su ne ke jawo rigima. Layin da bai kai 0.25pt ba yakan tsinke a injin ɗab'i. Idan kuma farin rubutu ne a kan baƙi ko launi mai duhu, a nemi 0.5pt zuwa sama, domin tawada tana malalowa ta cinye farin. Ƙaramin rubutu kada a haɗa shi da launuka huɗu. Faranti ɗaya ya goce da ɗan kaɗan sai ka ga inuwar ja ko shuɗi a gefen harafi, kuma a harafi mai santsin da'ira wannan ya fi fitowa fili. Baƙi zalla, K 100, shi ne lafiya.

Tsinin A, M, N, V da W na Futura Book da Medium yana da kyau a takarda, amma a yankan sitika shi ne farkon abin da ke ɓarewa, a yankan ƙarfe ko roba kuma bakin injin zagaye ne, ba ya iya shiga kusurwa mai tsini ta ciki. Futura Bold an yanke mata tsinin ya zama a daidaice, ta fi dacewa da irin wannan aiki. A ɗinkin inji a kan riga ko hula, harafin da bai kai milimita 5 zuwa 6 ba cikinsa yakan toshe, musamman e da a. Saboda haka tambari yana bukatar kwafi na biyu don ƙananan wurare: kauri ya ƙaru mataki ɗaya, tazara ta ɗan buɗe.

Kabiru: Hajiya, a aika wa maɗaba'a fayil ɗin zubin ne, ko yaya?

Hajiya Rabi: A'a ɗana. Tambari da kanu a mayar da su zane kafin a aika, dogon rubutu kuma a fitar da PDF da zubin a cikinsa. Miƙa wa wani fayil ɗin zubin da aka saya yakan saɓa wa lasisi. Ka ajiye kwafin da ba a mayar zane ba, don ranar gyara.

Injiniya Bashir: Tunda an taɓo lasisi. Na kwamfuta daban, na shafin intanet daban, na manhajar waya daban, kuma na intanet sau da yawa ana lissafa shi ne da yawan masu buɗe shafin a wata. Samun Futura ko Avenir a cikin kwamfutar Apple bai ba mutum izinin ɗora fayil ɗin a shafinsa ba. Masu lasisin OFL, wato lasisin zubi na kyauta, irin Montserrat ta Julieta Ulanovsky, Poppins ta Indian Type Foundry, da Jost ta Owen Earl wadda ta bi sawun Futura, ana iya amfani da su a kasuwanci da tambari, har a gyara su. Abin da aka hana shi ne sayar da fayil ɗin shi kaɗai, kuma idan mai shi ya keɓe sunan, wanda ya gyara sai ya sauya suna.

Amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai rubuta Hausa, wato haruffa masu ƙugiya. Zubi da yawa na wannan salo ba su da su. Kafin komai a liƙa wannan a gani: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ. Idan babu, burauza ba za ta yi gargaɗi ba, za ta aro harafin daga wani zubi, sai ka ga ƙ siririya a tsakiyar kalma mai kauri. Kuma ganin an rubuta cewa zubi yana da faɗaɗɗen Latin bai wadatar ba, don sau da yawa harsunan Turai ake nufi. Lambobinsu a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, su ne 0181 da 0253, 018A da 0257, 0198 da 0199, 01B3 da 01B4. Ku lura ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin furuci na IPA, sauran kuma suna Latin Extended-B, shi ya sa ake samun zubi mai ƙ amma babu ɗ.

Malama Zainab: Ko suna nan ma a duba yadda aka zana su. Ƙugiyar ɗ tana leƙawa dama, don haka a "faɗi" da "kuɗi" takan yi karo da ɗigon i idan ba a gyara tazarar ba, musamman a Bold. A ɓ da ƙ kuma, idan ƙugiyar ta yi ƙanƙanta, a ƙaramin rubutu sai su koma b da k, "ƙafa" ta zama "kafa". Wanda zai ƙara ƙugiya da kansa a tambari ya aro lanƙwasar daga kan f na zubin, domin kaurinta da yankan bakinta sun riga sun dace da sauran.

Malam Auwal: Injiniya, a ɓangaren shafin intanet me ke yawan lalacewa?

Injiniya Bashir: Loda kauri tara alhali biyu ko uku ake amfani da su. A ɗauki 400 (Regular) da 700 (Bold), ko a ɗauki fayil guda mai sauya kauri idan ana bukatar fiye da uku, duka a WOFF2, tsarin fayil ɗin zubi na intanet, a sa font-display: swap don rubutu ya bayyana kafin zubin ya iso. Idan aka nemi 700 ba a loda shi ba, burauza za ta kumbura 400 da kanta, cikin e da a ya cushe. font-synthesis: none yana hana wannan. Masu rage nauyin fayil da manhajar pyftsubset su kula da abu biyu: su sa lambobin haruffa masu ƙugiya a jerin, kuma su ƙara --layout-features='*', in ba haka ba ss01 da tnum za su zube. Ita tnum ita ce ke daidaita faɗin lambobi a tebur, domin a yawancin wannan salo 1 siririya ce ƙwarai, jerin alƙaluma ya kan karkace.

Siririn kauri a launin toka a kan fari shi ma a bar shi. Ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafin intanet tana neman bambancin haske 4.5 da 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 da 1 ga babba, wato daga fiksel 24. Harafin Light ko ya ci wannan awo a lissafi, a waya cikin rana ba ya ganuwa.

Malam Nura: To na sassauto, amma da sharaɗi: a kanu da tambari kawai, jikin rubutu a ba wani. Futura ko Jost a sama, mai ƙafa irin Garamond ko Source Serif a ƙasa. Abin da ba na so shi ne a haɗa biyu daga gida ɗaya, kamar Montserrat da Poppins. Sun yi kama da yawa har ba a ganin dalilin sauyin, sun kuma bambanta daidai yadda za a ga kamar an yi kuskure.

Kabiru: Malam, idan kuma manhaja ce mai lambar sirri ko lambar rasit, wanne za a ɗauka?

Injiniya Bashir: Rubuta Il1 da O0 a zubin ka duba. A yawancinsu babban I da ƙaramin l sanda ɗaya ce, bambancin tsayi kawai. Idan ba ka bambanta su daga nisan hannu ba, wannan filin ka ba shi wani zubi mai faɗi ɗaya irin IBM Plex Mono, wanda sifilinsa ke da ɗigo a ciki, sauran shafin ya zauna yadda yake.